Baba Ndakotsu, Ka Tafi Gini Bai Kai Rufi Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talata, 15 ga Afrilu, 2025, da hantsi, ina cikin aji ina koyarwa aka kira ni a waya, aka ce Allah Ya yi wa Baba Ndakotsu, maginin nan na Tudun Wada, rasuwa bayan jinyar kwana biyar. Na yi salati, na zauna a kan bencin ɗalibai. Baba, ka yafe mini, kafin hawaye su zo tsoro ne ya riga su.

Ka san dalili. Shekara biyu ke nan maigidana Abdulbasit yana kwance da shanyewar ɓarin jiki. Ɗakin da muke haya a Shango na bulon siminti ne, kwano dab da kai, taga ɗaya tak, ita ma tana kallon yamma. Wata rana a ƙarshen Fabrairu, an ɗauke wuta tun safe, na dawo daga makaranta ƙarfe biyu na tarar da shi ido a kafe, jiki kamar garwashi. Na kira sunansa bai amsa ba. Na dinga jiƙa zani ina lulluɓa masa ina ihu har maƙwabta suka kai mu asibiti. Da ya farfaɗo, likita ya ja ni gefe ya ce zafi ne, kuma idan aka maimaita ba lalle ya tashi ba.

Tun daga ranar ban ƙara shiga aji da natsuwa ba. Rana na ɗagawa gabana ke fara faɗuwa.

Wata abokiyar aikina ce ta kai ni wurinka. Ba ka yi mini dogon bayani ba. Ka ce in dawo ƙarfe biyu na rana, ka shigar da ni ɗakinka, ka ce, "Malama Rashidatu, taɓa bangon nan." Na taɓa, na ji shi da sanyi, ga shi babu ko fanka. Sannan ka nuna mini bulon jan ƙasa da kake matsewa da inji da ɗan siminti kaɗan, da kaurin bangon, da tagogi masu kallon juna don iska ta ratsa, da ƙananan kafofi can sama inda zafi ke fita.

Washegari, da tsufanka, ka zo Shango ka hau tsani ka shimfiɗa zana a kan kwanonmu, ka yi wa tagar rumfa. Ka ce wannan na wucin gadi ne, mu fara gini a filinmu na Tudun Fulani. Dangin maigidana suka yi ta surutu, wai malamar makaranta za ta koma gidan ƙasa, ruwan farko zai narkar da shi. Da na gaya maka, dariya ka yi. Ka ce in dai rufi ya hau, bakinsa ya zarce bango sosai, jikokina ma za su zauna a ciki. Sai ka daina dariyar ka ce, "Abu ɗaya nake gudu, kada ruwa ya same mu babu rufi."

Bango ya kai inda za a ɗora katako, ka kwanta jinya.

Ranar Juma'a, kwana uku da rasuwarka, bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Iska ta fara ɗaga kwanon mutane. Na bar Abdulbasit a hannun maƙwabciya, na tare mai Keke Napep, muka nufi Tudun Fulani. Duk hanya bakina na addu'a. Ban ɗauki ko leda ba, ban kuma san abin da zan yi in na isa ba. Abin da kawai nake gani shi ne bangon ya zube, mu kuma mun ƙare a ɗakin nan na Shango.

Ina sauka na hangi mutane a kan ginin. Yona ne, kafintan da kuka yi shekara talatin kuna aiki tare, shi da 'yarka Saudatu wadda ke zana maka taswirar gini, ta baro zaman makoki da hijabinta. Sun ja tamfol sun rufe kan bango, suna danne shi da duwatsu, iska na fizgewa suna sake ja. Na kama gefe ɗaya. Muna ɗaure igiyar ƙarshe ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Muka fake a rumfar bulo, duk mun jiƙe. Na tambayi Yona wa ya kira su. Ya ce, "Baba ne. A gadon asibiti ya riƙe hannuna, ya ce, Yona, gidan matar nan akwai mara lafiya, kar ka bari ruwa ya taɓa shi." Sai ya juya baya ya yi ta kuka.

A nan ne ni ma na yi kukanka, Baba.

Cikin mako biyu suka ɗora rufi yadda ka tsara. Mun tare. Jiya da azahar babu wuta, na leƙa na ga Abdulbasit yana barci, har ya ja mayafi.

Amma tsoron bai sake ni duka ba. Kowace shekara zafin Minna ƙaruwa yake, kuma ina wuce sababbin gidaje ina ganin irin ɗakin da ya kusa kashe mini miji. Akwai tsofaffi a cikinsu, akwai jarirai. Masu irin hannunka kuwa sun yi ƙaranci. Saudatu ta ce ba za ta bar injin bulonka ya yi tsatsa ba. Allah Ya dafa mata.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Inna Aishat, da Saudatu da ƙannenta, da Yona, da dukan dangi na nan da na Bida. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Ndakotsu, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa. Ya sanyaya wa bayinKa ɗakunansu a duniya, Ka sanyaya masa makwancinsa, Ka sa Aljannar Firdausi ce gidansa. Amin.

Rashidatu Yisa,
Tudun Fulani, Minna.