Hoton Baba a Shafin Ɓatan Hanya

Ni da abokina muka gina wa wani kamfanin dakon kaya na Ikeja manhajar yanar gizo. Shi mai baki ne, ko dutse ya zauna da shi sai ya saya. Ni kuwa a ba ni kwamfuta a rufe ni a ɗaki. Tun muna yara a Agege shi ne gaba, ni baya, kuma ban taɓa jin haushi ba.

Abin da ya rage a aikin shi ne shafin da mutum ke faɗawa idan ya buga adireshin da babu shi. Na asalin fari ne fat, daga lamba 404 sai layi ɗaya na Turanci, kamar ka yi sallama an ƙi amsawa. Ban so haka ba. Mahaifina, marigayi Baba, yana da rumfar goro kusa da tashar jirgin ƙasa, kuma duk baƙon da ya sauko daga Arewa ya rasa gabas da yamma, wurinsa ake turo shi. Ba ya tambayar mutum inda za shi sai ya sha ruwa. Na ɗauko hotonsa yana zaune da moɗa a hannu na saka, na rubuta maganarsa a ƙasa: "Ɓatan hanya ka yi, zauna tukuna." Na sa maɓallin komawa shafin farko, na gyara saiti yadda duk adireshin banza zai kawo mutum nan.

Ranar miƙa aiki motar haya ta danfo ta maƙale da ni a Ogba. Ko da na isa ofishin kamfanin an fara, sai na tsaya a bakin ƙofa. Hoton Baba ya cika bango, ogan kamfanin yana ta gyaɗa kai, yana cewa saboda wannan shafin zai ba mu sauran aikin. Sai ya tambayi wane ne dattijon.

"Na my papa be that, oga," in ji abokina, har da dafa ƙirji, wai mahaifinsa ne. "Allah ya jiƙansa. Saboda shi na zauna na tsara shafin nan."

Mahaifinsa yana nan da ransa a Isolo. Da yabon aikin kawai ya kwashe, wallahi da na haƙura, ai na saba. Wannan kuwa cin amana ne, kuma ya ƙona min rai.

A waje na tare shi. Ya ce in bar yarinta, kasuwa ce, labari ake saya, kuma ai Baba na kowa ne. Na ce to zan cire hoton. Ya ce tun jiya ya canza kalmar sirrin shiga manhajar, wai don tsaro.

Muna haka oga ya fito. Ya miƙo min hannu, ya tambaye ni ko ni ma na san mahaifin abokina.

Na ce na san shi, da hannuna na sa shi a kabari.