Malam Abarshi, Mai Gudu Tare da Na Baya

Ina cikin aji a lakwal ɗin Affala direban kamyon da ke zuwa ranar kasuwa ya tsaya bakin ƙofa, ya cire hula. Ya ce, "Malam Illa, sai haƙuri. Malam Abarshi na Tawa ya rasu jiya, sanƙarau ne." Na sallami yara, na zauna kan benci. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tsohon soja ne. Da ya dawo daga yaƙin Nasara aka ba shi aikin motsa jikin yara a lakwal ɗinmu na Tawa, lokacin ina yaro. Ni kuwa ƙyanda ta bar ni da rama da haki, kullum ina gindin itacen bedi ina kallon masu wasa. Wata safiya ya tsuguna gabana ya ce, "Kai ɗan wa ne?" Na faɗa mishi. Ya ce, "Tashi mu taka zuwa bangon can, in ka gaji mu zauna tare." Mun zauna sau da yawa kafin mu kai. Haka muka yi ta yi har damina ta wuce, na fara sassarfa, daga baya na shiga layi.

Mahaifina bai so ba. Ya same shi ya ce, "Malam, yaron ga ba shi da ƙirji, kashe min shi za ka yi?" Malam Abarshi ya ce, "Baba, zaman ne ke cin shi. Ka ba ni shi zuwa kaka, in ya ƙara ramewa ka kai ni gaban mai gari." Da kaka ni na ɗauko wa mahaifina damin hatsi daga gona.

Ba ya gudu a gaba. Kullum yana can baya, kafaɗa da kafaɗa da wanda ya fi kowa rauni. Yakan ce, "Na gaba ya san hanya, na baya ke bukatata." Wanda ya yi wa na ƙarshe dariya, sai Malam ya sa shi ya koma ya rako shi. Ƴan mata ma ya sa su gudu, duk da maganganun da aka yi ta yi a gari. In yaro ya zo bai karya ba, ba ya barin shi ya yi gudu, sai ya aika gida matarsa Hajo ta damo fura.

Da sanƙarau ya shigo Tawa a bazarar nan aka rufe lakwal, mutane suka shiga gudun gidajen masu ciwo. Shi ya riƙa bin ɗalibansa gida gida. Wanda wuyansa ya sandare ya goya shi zuwa asibiti. Cikinsu har da Rabi, yarinyar da ta fi kowa sauri, wadda yake shirin kaiwa gasa a Yamai. A bayansa ta cika, kafin su kai ƙofar asibitin. Hajo ta gaya mini da ya dawo bai ci abinci ba, ya ce, "Na yi gudun, Hajo, ban kai ba." Ba a yi mako ba shi ma ya kwanta.

Na je gaisuwa ranar uku. Da sassafe na bi ta filin lakwal, na tarar da yara tsaye a layi, ba wanda ya kira su. Sun daɗe a tsaye. Daga baya suka watse ɗaya bayan ɗaya.

Ya Allah, bawanka Abarshi ya zo gare ka. Ka gafarta mishi, ka yalwata kabarinsa, ka karɓe shi cikin shahidai, shi da Rabi da sauran yaran da cutar nan ta ɗauka. Ka ɗauke mana wannan annoba. Ka ba Hajo haƙuri, ka raya marayun da ya bari, ka haɗa su da wanda zai tsaya musu kamar yadda ubansu ya tsaya wa ɗiyan mutane. Amin.