Zuwa Sunan Jikata a Tabuk da Ƙaramar Motata

Laraba: Rusaifa

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba muka kulle gidanmu da ke unguwar Rusaifa a Makka, ni da maigidana Malam Sale. Tabuk muka nufa, tafiyar da ta haura kilomita dubu, domin 'yarmu Safiya ta sauka ranar Juma'ar da ta wuce, haihuwar fari, suna kuma jibi. Na yi mata alkawarin zan zo da kaina in ɗauko ta ta yi jego a gida. Shi ya sa ba mu bi jirgi ba. Bayan motar cike yake da gero da kanwa da yaji da barguna.

Ni ce direba. Malam ya shekara talatin yana jigilar alhazai tsakanin Makka da Madina a babbar bas, amma tun da aka yi masa aikin ido likita ya raba shi da sitiyari. Ni kuwa shekarata huɗu da lasisi, kuma ban taɓa wuce Ɗa'if da ƙaramar motata ba.

Ko unguwa ba mu fita ba na ji motar tana ja na zuwa dama.

"Tsaya, Hajiya," in ji Malam. "Ta gaba ta kwanta."

Ya sauka ya haska da waya, haka ne kuwa. Muka ciro safaya, ita ma babu iska. Kwana uku ke nan ina yi masa maganar taya, tun da surukinmu Usman ya turo mana bidiyon dusar ƙanƙara tana sauka a duwatsun Tabuk. Na ce a saya mana tayoyin ƙanƙara irin na ƙasashen sanyi, shi kuma ya ce waɗanda muke da su ƙalau suke. Muka yi sallah a masallacin unguwa, muka karya da burodin tamis da dafaffen waken ful, muka jira gari ya waye.

Ƙarfe takwas Haruna mai faci ya buɗe shagonsa, muka lallaɓa da motar har ƙofarsa. A nan Makka banshar ake ce wa shagon faci. Haruna Bahaushe ne, iyayensa ta Chadi suka zo, a unguwar Nakkasa ya girma kafin a rushe layinsu. Ya durƙusa ya shafa gefen tayar, ya nuna mana wasu lambobi huɗu a cikin ɗan da'ira.

"Baba Sale, kai ne za ka koya mini wannan. Biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Shekararsu shida. Ga su duk sun tsattsage, rana ta gama da su."

Malam ya ce, "Gefen inuwa nake sa ta ajiye motar."

"Makka akwai inuwa, Baba?"

Na samu ƙofa, na ce masa tayoyin ƙanƙara nake so, guda huɗu. Haruna ya yi dariya har da riƙe gwiwa, sannan ya ba ni haƙuri.

"Hajiya, wallahi ko a Jidda sai an yi odarsu. Kuma robarsu taushi gare ta, don sanyi aka yi ta. Ki dawo da su kwaltar Makka, kafin Hajji sun cinye. Ke ba ƙanƙara ce matsalarki ba, ita tana can kan dutse. Ruwan sama ne, yanzu lokacinsa ne a arewa."

Ya buɗe ƙofar direba ya nuna mini takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, mai ɗauke da girman tayar da ya dace da motar da yawan iskar da ake sa mata. Ya mirgino kala uku. Ta farko mai araha ce, amma ta shekara uku a sito. Ta biyu faffaɗa ce, samari ke son ta don kwalliya, ya ce ƙaramar mota ba ta buƙatarta, mai kawai za ta sha. Ta uku ya sa na zura yatsa cikin zanenta, na ji zurfi.

"Wannan zafi da sanyi duk tana ɗauka. Ramukan nan su ke fitar da ruwa daga ƙarƙashi. Ta bana ce."

Malam ya juya ta, ya kanne ido ya karanta lambobin da kansa, ya ƙwanƙwasa ta, ya ce a sa. Riyal ɗari biyu da tamanin kowace. Haruna ya cika safaya kyauta, ya kuma gargaɗe ni cewa in mun shiga sanyi iska za ta ragu, fitila za ta kama, kada in tsorata. Tafiyar da muka fara da asuba ba ta bar Makka ba sai goma da minti ashirin.

Jidda zuwa Umluj

Mun zagaye Jidda ta baya sha ɗaya da rabi, muka kama hanyar bakin teku. Motar ta yi shiru, har na gane ashe duk ƙugin da na saba ji ba na inji ba ne. A shingen bincike na bayan Rabig jami'in ya karɓi katunanmu, ya leƙa ya ga buhun gero, ya tambayi ina zuwa. Da na ce Tabuk, suna, sai ya ce, "Mabruk, ya hajja," wato barka, ya ɗaga mana hannu.

Malam bai bar ni na huta ba. Kowace babbar mota muka tarar sai ya gaya mini lokacin da zan wuce ta, kowace kwana ya san ta tun kafin allo ya nuna. A Yanbu, wajen ƙarfe uku, muka sha mai, muka ci soyayyen kifi da jar shinkafa a riyal sittin. Biyar da 'yan mintuna muka shiga Umluj, kilomita ɗari biyar da hamsin daga gida. Muka kama ɗaki da kicin a riyal ɗari da hamsin. Safiya ta kira bayan magariba, muryarta a gajiye, ta ce, "Mama, za ku iso kuwa?" Na ce ta sa a gyara mana shimfiɗa.

Alhamis: Duba zuwa Tabuk

Shida da rabi muka tashi. Wajh takwas da kwata, Duba ƙarfe goma. Daga nan hanya ta juya wa teku baya ta fara hawan duwatsu, saura kamar kilomita ɗari da tamanin. Hadari ya riga ya haɗu a gabanmu, baƙi ƙirin. Ba mu yi rabin awa ba ruwa ya sauko, irin wanda magogin gilashi ba ya iya yi da shi. Na rage gudu zuwa sittin, na kunna fitilu.

Wata farar a-kori-kura ce a gabanmu, da tumaki uku a bayanta. A wata gangara ruwa ya kwanta a kan kwalta. Tana shiga na ga bayanta ya murɗe, ta juya gaba ɗaya ta tare hanya, fitilunta suna kallonmu. Ƙafata ta tafi birki da dukkan ƙarfina.

"A hankali," in ji Malam, da wata murya da ban taɓa jin sa da ita a gida ba, a kwance sarai. "Kada ki juya sitiyari. Miƙe. Taka, ci gaba da takawa. Haka."

Na ji motar ta kama ƙasa. Ta tsaya tsakaninmu da a-kori-kurar bai fi taku uku ba. Na kifa goshi a kan sitiyari ina salati.

Muka gangara gefe, shi ma mai tumakin ya gyara. Dattijo ne Balarabe, ya fito cikin ruwa ya riƙe hannun Malam ya ƙi saki. Da ruwan ya tsagaita ya ɗauko flas ya zuba mana gahawa, ya cika mini hannu da dabino. Ina kallon Malam ya sunkuya ya shafa tayar mutumin ta baya, sumul kamar faranti. Ya daɗe bai ɗago ba.

Da muka koma mota ya ɗaura bel, ya ce, "Jiya da asuba irinsu ne a ƙarƙashinmu."

Na ce, "Ni ma da ba ka yi magana ba da na karya sitiyarin nan mun faɗa rami."

Ya gyaɗa kai. Daga nan har Tabuk sau biyu kawai ya gyara mini tuƙi, kuma duka biyun da gaskiyarsa. Ƙarfe biyu da rabi Usman ya tare mu a bakin gari. Safiya tana jin sallamata ta fashe da kuka, ta miƙo mini jaririyar a naɗe cikin bargo biyu. Kafin la'asar kunun kanwa yana kan wuta.

Tabuk

Ranar Juma'a aka raɗa suna Rabi'atu, sunana, ba wanda ya gaya mini tun da farko. Za a riƙa kiran ta Amira. Hausawan Tabuk ba su da yawa, amma sun cika falon, aka ci ragon suna da shinkafa, matan suna ta tambaya wai da gaske ni na tuƙo.

Da safiyar Lahadi na tada mota, fitilar taya ta kama kamar yadda Haruna ya ce. Sanyin ranar har haƙora yake shiga. Muka ƙara iska a gidan mai, muka bi Usman wajen duwatsun da ƙanƙara ke sauka, tafiyar awa biyu da wani abu. Inda kwalta ta fara yin fari na faka a gefe, ban ƙara ko taku ba, muka ƙarasa a babbar motarsa. Malam, mutum mai shekara sittin da takwas, ya dunƙula ƙanƙarar ya ɗanɗana, ya ce ba ta da gishiri ba ta da sukari, bai ga abin da ake ta yi wa ɗoki ba. Bayan haka ya sa Usman ya ɗauke shi hoto har kala tara.

Komawa ta Madina

Kwanakinmu goma sha biyu. Ranar Talata bayan sallar asuba muka ɗaure kujerar jarirai a baya, Safiya a gefenta, muka bi hanyar Taima da Khaibar, kusan kilomita ɗari bakwai. Ban wuce tamanin da biyar ba, kuma duk awa biyu muna tsayawa a ba Amira nono. Sai bayan magariba muka shiga Madina. Muka kwana biyu a masauki kusa da Harami, muka yi ziyara, Safiya ta huta.

Alhamis tara na safe muka kamo hanyar Makka, kilomita ɗari huɗu da hamsin, hanyar da Malam ya ce ko a mafarki ba ya ɓata a cikinta. Tun daga rabin hanya muka fara cire rigunan sanyi ɗaya bayan ɗaya. Huɗu da minti goma na yamma na kashe mota a ƙofar gidanmu.

Maƙwabta suka fito taya mu sauke kaya. Malam bai ɗauki jaka ko ɗaya ba. Ya karɓi Amira ya kama matakala, hawa uku ne zuwa namu, a kowane hawa sai ya tsaya ya gaya mata gidan wane ne wannan, wa ke ba yara alewa, wa kuma ba a buga masa ƙofa lokacin barcin rana. Ni da Safiya muna biye da shi da buhuna, ba mai cewa ya yi sauri.

Allah ne ya kai mu, shi ya dawo da mu, mun tafi mu biyu mun komo mu huɗu. Godiya ta tabbata gare shi. Waɗanda suka bi mu da addu'a, da mutanen Tabuk da suka karɓe mu kamar sun san mu tun fil azal, Allah ya saka wa kowa da alheri.