Ƙofar ruwan Baba da farantin da ya ƙi tsayawa

Shekarun baya, ina digiri na biyu a fannin injiniya a Kano, wata na'ura da ba ta fi akwatin ashana girma ba ta kusa ja mini asarar shekara guda.

Aikinta shi ne matsar da ɗan faranti a ƙarƙashin madubin duba ƙwayoyin cuta, matsawar da ba ta kai kaurin gashi ba. A cikinta akwai wani ɗan dutse da ake kira fiyezo: a ƙara masa wuta ya miƙe, a rage ya tsuke. Matsalar ita ce, in na hau da wutar zuwa wani mataki, farantin ya tsaya a wuri ɗaya. In na sauko zuwa matakin nan dai, sai ya tsaya wani wuri daban. Ni kuwa, gwanar lissafi, na ce awon ne ke ƙarya. Na riƙa haɗa na hawa da na sauka ina raba biyu. Na canza wayar wutar na'urar sau uku, na tsine wa wutar lantarki. Malamina ya duba ya ce, "In farantin nan bai tsaya inda aka ce ba kafin ƙarshen wata, sai baɗi za ki kare aikinki."

Na tafi gida wajen Kura raina a jagule. Mahaifina ne ke kula da ƙofar kanal ɗin da ke shayar da shinkafar ƙauyenmu. Da safe na bi shi, ya ce in rage ruwan kaɗan. Na murza sitiyarin ƙofar sau biyu cif, ruwa ko gezau.

"Baba, ƙofarka ta lalace."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Kai, Injiniya guda! Jiya buɗewa na yi. In za ki koma baya, sai zaren ƙarfen da ke ɗaga ƙofar ya cinye juyin banza kafin ya kama. Ki fara sanin daga ina ta fito, sannan ki ƙara mata nata."

Wallahi na tsaya riƙe da ƙarfen nan kamar an dasa ni. Ashe awona bai taɓa ƙarya ba, ni ce nake zubar da abin da yake gaya mini.

Ranar Litinin na share rabon-biyun nan. Dutsen ba shi da zare, amma na lissafa shi kamar ƙofofin Baba ne da yawa a haɗe, wata mai sako-sako sosai, wata kaɗan. Sai na juya lissafin, kwamfuta ta riƙa tuna inda aka fito tana ƙara abin da zai ɓace kafin ta tura wuta. Daga baya na ga dabarar tana cikin littattafanmu, a babin da nake tsallakewa.

Saura kwana biyu wata ya ƙare, malamina ya hau da wutar, ya sauko, ya sake hawa. Farantin bai kuskure ba. Ya cire tabarau ya ce, "Je ki shirya kare aikinki."

Har yau, in ɗalibina ya ce awo ne ke ƙarya, sai in tambaye shi daga ina ya fito. Ran da na kai wa Baba takardar shaidata, ya juya ta gaba da baya, ya ce, "To, madalla. Gobe ki zo ki rage mini ruwa." Na je, kuma sau huɗu na murza.