Sabulun Auta

Kakarmu ta ga tattaɓa-kunne goma sha ɗaya kafin idonta ya dushe. Ɗakinta na bakin ƙofa, taga ɗaya, da kujerar da aka tokare da bulo. Duk mai shiga gidan sai ya bi ta gabanta.

Cikin 'ya'yanta Auta ne ɗan lelenta, direban babbar mota. Yakan aiko mata da sabulun wanka idan ya tuna. Ba ya yawan tunawa.

Lokacin da ya rasu a haɗari, likita ya riga ya ce zuciyarta ba za ta ɗauki mugun labari ba. Kawu Babba, babban ɗanta, ya tara mu a shagona na ɗinki, ya ce duk wanda ya faɗa mata, shi ya kashe ta. Aka karɓi gaisuwa a gidan gwaggo, can ƙarshen layi. Ni aka ɗora wa sayen sabulu.

Duk Asabar sai in kai mata. "Ga saƙon Auta."

Ta shinshina, ta ajiye.

A Asabar ta shida ta kama wuyan hannuna.

"Zauna, mijin banza. Shekara arba'in yaron nan yana mini aike, bai taɓa jera mako biyu ba. Kuma mai arha yake saye, mai ƙaiƙayi. Wannan ƙamshin na wane ne?"

Kawu Babba yana tsaye bakin ƙofa. Ya yi tari. "Inna, ai mutum kan canza."

"Kai dai ba ka canza ba. Tun kana cikin tsumma, in za ka yi ƙarya sai tari."

Gwaggo ta lallaɓa ta ɗauko kwalbar magani. Ni kuwa ƙirjin tsohuwar kawai nake kallo.

"Hanya ce ko ciwo?" in ji Kaka.

Na juya na dubi Kawu Babba.

"Tela, da kai nake."

"Hanya ce, Kaka."

Yatsunta suka nutse a fatata. Numfashin ya tafi, ya daɗe. Sannan ya dawo, a hankali.

"Ku kira mini matarsa," in ji ta. "Mako shida tana haɗiye kuka in ta zo gaishe ni. Kun hana ta uwa."

Ta ƙara shekara uku a duniya. Matar Auta ce ta yi jinyarta har ƙarshe.