Wanda ya dake mu shi ne tafinta

Shekarun baya an rufe ni da abokina a wani ɗaki kusa da gadar kan iyaka, don mun ƙetaro daga Gaya ba takardar shaida. Dakon albasa muke yi. Abokina ya yi gardama a shinge, wani jandarma ya zabga masa ɗamara a baya har fata ta tsage. Cikin zafin ɗakin ciwon ya ruɓe, zazzaɓi ya kama shi, ya daina cin abinci. Na roƙa a kai shi gidan likita, aka yi dariya.

Wata safiya aka sa mu shara, aka fitar da bokitin bahaya. Wai masu kare haƙƙin ɗan adam za su zo. Aka sa wa abokina riga mai kauri. Jandarman ya ce, "Kowa ya kama bakinai. Su tafiya za su yi, ku kuna nan."

Suka zo, mace ce da namiji, Faransanci kawai suke ji. Nawa Faransancin bai wuce gaisuwa ba. Da aka nemi tafinta, sai jandarman nan ya matso.

"Madam na tambaya, ana dukanku?" Idonsa na kaina.

Na ce, "Gaya mata abokina na mutuwa."

Ya juya ya yi mata magana yana murmushi. Ita ma ta yi murmushi, ta gyaɗa kai. Ban san abin da ya ce ba, amma ba a murmushi a kan maganar da na faɗa.

Suka juya za su fita. Na yunƙura, abokina ya riƙe ƙafata. "Bari, ɗan'uwa. Kak ka jawo muna."

Ni ba jarumi ba ne, karen maƙwabta ma kewaye shi nake yi. Amma na kama rigar abokina na ɗaga. Ta manne da ciwon, ya yi ƙara, wari ya cika ɗakin. Matar ta toshe hanci. Ta ɗaga murya, ta kira waya, kuma ba ta gusa ba sai da aka fitar da shi aka ɗora a mota.

Kafin ta tafi ta yi mini magana. Wannan karon jandarman ya fassara daidai, ina jin. "Ta ce doka ta hana a taɓa ka."

Ya raka su, ya dawo, ya rufe ƙofa. Tun ranar kunnena na hagu bai ƙara ji ba.

Ba na zagin matar. Wanda ta ga ciwonsa ta cece shi, ni kuwa lokacin ba komai a jikina da za ta gani. Da aka sake ni ban san inda zan kai ƙara ba, ban kuma nema ba.

Abokina ya warke, ya koma Gaya ya yi iyali. Ni ina garin Garou ina noman shinkafa. Mai son magana da ni sai ya zagayo ta dama.