Tocilar da Ta Yanke Zaren Taru

Tun kafin a haife ni Baba yake gyaran taru a bakin ruwa a Wara. Idan ya ɗaure ƙulli sai ya yanke zaren da wuƙa, ya taɓa bakinsa da garwashi don kada ya warware.

Shekarar da wayar salula ta fara kamawa sosai a garinmu, ina koyarwa a firamare a Yelwa. Na zo gida hutu na tarar yayana ya dawo daga Legas, inda yake gyaran injin jiragen ruwa. Ya kawo wa Inna atamfa, ya kawo wa Baba agogo, amma duk ɗokinsa yana kan wata 'yar tocila ta ƙarfe. Ya ce wani injiniya abokin aikinsa ne ya ba shi aro, sunanta leza.

Bayan la'asar muka sami Baba a gindin mangwaro da taru a cinya. Yaya ya ɗauki baƙin zare ya ɗaure tsakanin turaku biyu, ya tsayar da mu a bayansa, ya ba kowa jan tabarau.

"Baba, yanzu zan yanke shi daga nan."

"Da tocila?" in ji Baba. "To, bisimilla."

Wani shuɗin ɗigo ya sauka a kan zaren. Ba ƙara, ba harshen wuta. Siririn hayaƙi ya tashi, sai zaren ya rabu biyu, tas! Taku biyar ne tsakaninmu da shi.

Da Yaya ya kashe, Baba ya je ya ɗauki bakin zaren ya murza. Ya narke ya dunƙule, daidai yadda garwashi yake yi masa. Sai ya dawo a hankali yana shafa iska da tafin hannu.

"Wanga abu, ta ina wutar ta bi? Nan ba zafi."

Ya ce a gwada farin zare. Yaya ya daɗe yana haska shi, ko gezau. Ya yi mana bayani cewa baƙi shanye haske yake yi, fari kuwa mayar da shi yake. Baba ya yi dariya har da tafi, ya ce ashe ita ma akwai wanda ya fi ƙarfinta.

Ni ce na roƙa a ba ni. Yaya ya jingina wani tsohon filafilin tuƙi da bishiya, na danna. Duk inda na ja ɗigon sai baƙin layi ya biyo shi, ƙaurin itace ya cika mini hanci. Na zana kifi, karkatacce. Kullum ina gaya wa ɗalibai cewa da haske muke gani. Ban taɓa zaton yana cin itace ba.

Cikin murna na juyo in nuna wa Baba, yatsana yana kan maɓallin. Yaya ya cafke wuyan hannuna ya danna shi ƙasa.

"Ke! Dubi ruwa!"

Kwalekwale ne yake shigowa cike da mata 'yan kasuwa. Yaya ya ce da hasken ya faɗa idon ɗayarsu, kafin ta ƙifta an gama. Na miƙa masa tocilar. Baba ya sa aka cire baturan, ya zuba su a aljihunsa, bai mayar ba sai ranar da Yaya zai koma.

Masunta ba su yarda da labarin Baba ba, sai suka riƙa zuwa wurina, wai malama ba ta ƙarya. Wani dattijo Bakambare, abokin Baba, ya saurare ni har ƙarshe, ya jinjina kai, sannan ya tambaya ko tocilar tana ci a cikin ruwa. Na ce masa wallahi ban tambaya ba.